Darasi: Yadda Za Ka Tsare Guzurinka Da Kayan Wayarka Idan Kwana Ya Kama Ka A Daji

Da zarar kaka ta kama, matasa da yawa a Fakku da sauran ƙauyukan Kebbe da Tambuwal sukan koma kwanan gona, wasu suna gadin geron da aka yanke, wasu suna tare da shanu. Kowa da wayarsa, da fawa bank, da ledar gari da ƙuli-ƙuli. Darasinmu na yau a kan wannan ledar yake, domin ita ce ke gayyato baƙin dare, kuma idan sun zo ba abinci kaɗai suke ɓatawa ba.

Bari mu fara leƙa Amurka, inda aka mayar da wannan magana ilimi mai zaman kansa saboda dabbar beyar. Mu nan Afirka ba mu da ita, amma dabarunsu za su yi mana amfani. Beyar tana da hanci mai ƙarfi ƙwarai, kuma idan ta ɗanɗana abincin mutane sau ɗaya, sai ta riƙa bin sansaninsu, daga ƙarshe a kashe ta. Shi ya sa a gandun dajin Yosemite doka ce duk mai kwana a cikin daji ya zuba abincinsa a wani ƙaƙƙarfan gwangwani mai makulli, ya ajiye shi nesa da makwancinsa. Har sabulu da man goge baki ciki ake sa su, tunda su ma suna da ƙanshi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake gwada gwangwanin. A wata cibiya da ke West Yellowstone, jihar Montana, zuba abinci ake yi a ciki a miƙa wa beyar ta gaske. Idan ta yi minti 60 tana cizo da turmushe shi ba ta buɗe ba, ya ci jarrabawa. Duk da haka, a tsaunukan Adirondack an yi wata macen beyar da ake kira Yellow-Yellow, wadda ta koyi buɗe murfin gwangwanin BearVault, aka sake fasalin murfin, ta sake gano kansa. Duk mai rubuta manhaja ya san wannan ciwon: ka toshe ƙofa, mai kutse ya shigo ta taga.

To mu dawo gida. Abokan karawarmu su ne ɓera da gafiya, biri, dila, karnukan da ke yawo, sai kiyashi da gara. Ƙa'idar farko iri ɗaya ce da tasu: wurin kwana daban, wurin girki daban, wurin ajiya daban. Ka ba su tazarar taku talatin zuwa hamsin, kuma ka lura da iska, kada ta riƙa kwaso ƙanshin tukunya tana kawowa kan tabarmarka.

Su Amurkawa sukan rataye jakar abinci a reshe, kimanin mita 4 daga ƙasa da mita 2 daga gindin bishiya. Wannan zai hana kare da dila, amma ga biri kai masa ka yi har gida. Abin da ya fi dacewa da mu shi ne bokitin fenti da aka wanke tas, mai murfin da ke kamawa, ka ɗaure shi da robar tayar babur, ka danne da dutse. In da hali, gwangwanin ƙarfe ya fi, saboda gafiya tana huda roba idan ta samu dare guda. Ka zagaye shi da toka don rage kiyashi.

Kada ka raina ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yana kama mutum ne ta abincin da fitsari ko kashin wani nau'in ɓera ya taɓa, kuma ya fi yawa a lokacin rani. Garin da ka tarar an huda ledarsa, zubar da shi, kada ka ce za ka kwashe sama ka sha ƙasa. Idan zazzaɓi ya kama ka bayan kwanan daji kuma maganin maleriya bai yi aiki ba, ka tafi asibiti ka faɗa musu inda ka kwana.

Yanzu kayan waya. Na taɓa kwana da kebul da fawa bank a jaka ɗaya da kilishi, da safe na tarar an gutsure kebul ɗin gida uku. Haƙoran ɓera ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguyar abubuwa, kuma robar da ka taɓa da hannu mai maiƙo ta zama abinci a wurinsa. Ka wanke hannu kafin ka taɓa caja, ka ware mata jakarta. Kada ka bar fawa bank kusa da wutar girki, batirin litiyom ba ya shiri da zafi, yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Wanda aka riga aka huda kuwa kada ka sake jona shi.

Wayar kanta za ta taimaka maka. GPS ba ya bukatar data, don haka tun kana gari ka sauke taswirar yankin a Google Maps, idan ka ajiye bokitin ka danna wurin ka adana shi. Zai kawo ka kusa da 'yan mitoci, sauran kuma fitilar waya ta ƙarasa. Ka haska ƙasa kafin ka kai hannu, domin inda ɓera ke zarya maciji ma yakan biyo sawu. Kuma yadda tsaro yake a dazukanmu yanzu, ka tambayi manya kafin ka zaɓi wurin kwana, ka tura wa wani na gida wurin da kake tun kana da sabis, sannan ka rage hasken fuskar wayar idan dare ya yi.