DARASIN FIƘIHU DA TARBIYYA: Ibadar Tsoho Mai Doguwar Jinya

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi kakanninmu da ke fama da ciwon da ba ya warkewa sai dai lallaɓawa, wato irin hawan jini da ciwon sukari da ciwon gaɓɓai. Da wuya ka shiga gida a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ba ka tarar da irin wannan tsoho ba. Wasu ma rashin tsaron da ya addabi Zamfara tun wajen 2011 ne ya taso su daga ƙauyukansu, suka bar gona da masallacinsu da abokan hirarsu. Ga ciwo, ga kewa.

To, likitoci sun tabbatar da cewa fargaba da yawan tunani suna ɗaga jini, suna hana barci, har sukari ma su kan ɗaga shi. Shi kuwa tsohon da ya riƙe zikiri da karatun Alƙur'ani, yake fita jam'i yana gaisawa da mutane, zuciyarsa ta fi kwanciya, kuma ya fi jure wa dokar magani. Amma a kula, carbi ba ya maye gurbin ƙwaya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umurni da neman magani, ya kuma bayyana cewa tsufa ne kaɗai ba shi da magani. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da kansa ya yi rubuce-rubuce a kan ilimin magani. Saboda haka idan Kaka ta ce ta bar maganin asibiti don ta yi tawakkali, a zauna da ita cikin ladabi a nuna mata shan maganin ma tawakkali ne. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na jin garau, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Awon da ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a garzaya wurin likita.

Sai batun salla. 'Yan aji uku, ku tuna Ahalari ya kawo halaye 7 na mai sallar farilla: tsayuwa ba jingina, tsayuwa da jingina, zama ba jingina, zama da jingina, sannan kwanciya a gefen dama, ko hagu, ko rigingine. Jeranta huɗun farko wajibi ne, ukun ƙarshe mustahabbi. Asalin wannan sauƙi yana cikin Buhari, inda sahabi Imrana ɗan Husaini, mai fama da basir, ya tambayi Annabi (SAW) yadda zai yi salla. Sau nawa muka ga tsoho yana kukan zuci wai ladarsa ta ragu don ya koma salla a zaune? Ku gaya masa wanda larura ta zaunar, ladarsa cikakkiya ce. Wannan magana kaɗai tana iya sa ya ci tuwonsa da daɗin rai.

Mai ciwon sukari kuma, ƙafarsa kan mutu har ƙaya ta soke shi bai ji ba. Bayan alwala a tsane masa tsakanin yatsu da tsumma mai tsabta, a duba ko da rauni, kuma kada ya tafi masallaci ba takalmi. In likita ya hana ruwa taɓa gyambo, akwai shafa a kan bandeji, akwai taimama.

Azumi ne inda aka fi kai ruwa rana da tsofaffi, musamman da ya faɗo cikin zafin Maris a 2024 da 2025. Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, ta yi wa majinyaci rangwame. Risala ta nuna cewa tsohon da ba ya iyawa zai sha, kuma an so ya ciyar da mudun Nabi ɗaya a kan kowace rana. Wanda likita ya yarje wa ya ɗauka, to a sa masa ido. Idan ya fara makyarkyata da zufa da jiri, ko awon sukarinsa ya faɗi ƙasa da 70, a ba shi dabino ko ruwan sukari nan take, ko da saura kaɗan a kira magariba. Ɗigon jinin da ake awo da shi ba ya karya azumi.

Iyaye mata, a rage gishiri da dunƙule a miyar tsoho. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya kai giram 5 a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya karanta wa kakansa, ko wani tsoho a unguwa, hizifin Sabbi bayan magariba, ya tambaye shi ko ya sha maganinsa na yau. Ranar Asabar a zo da halaye bakwai na salla a rubuce, da ajami da boko.