Ina da Shawarar Gado, Ko Zan Iya Tiyatar Gyaran Ciki?

Tambaya: Haihuwata shida, fatar cikina ta saki har tana damuna, ina son a yi mini aikin gyara ta. Amma idanuna kan yi rawaya lokacin azumi, likita a Maraɗi ya ce ciwon Gilbert ne, na gado. Aikin ba zai taɓa mini hanta ba? Daga wata baiwar Allah a Gabi, Madarunfa.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, wannan larura ita kaɗai ba ta hana tiyata. Likitocin Faransa biyu, Gilbert da Lereboullet, su suka fara bayaninta a 1901, kuma mutum kamar 5 cikin 100 na ɗauke da ita. Hantarki lafiyarta lau, sai dai tana da nawa wajen fitar da bilirubin, wato sinadarin nan mai launin rawaya da ke samuwa idan ƙwayoyin jini sun tsufa sun mutu. Yunwa, ƙishirwa, zazzaɓi ko gajiya kan sa ya taru, shi ya sa kike ganin abin da azumi. Larurar ba ta cin hanta, ba ta buƙatar magani.

Sai dai a ƙasarmu shawara tana da iyaye da yawa: ciwon hanta nau'in B, sikila, zazzaɓin cizon sauro. Kafin a sa miki wuƙa, ki je Asibitin Referans na Maraɗi a sake awon hanta, a duba nau'in B da C, a auna yawan jininki. In da ɗaya cikinsu a ɓoye, magana ta canza.

In an tabbatar Gilbert ne kaɗai, ki sanar da likitan fiɗa da mai allurar barci tun ranar farko. Ana hana abinci awa 6 kafin aiki, don haka ki roƙa a sa ki a sahun safe, a ɗaura miki ƙarin ruwa mai sukari. Ki faɗi duk maganin da kike sha, ki ajiye jiƙe-jiƙen shawara. Idanu na iya yin rawaya kwana kaɗan bayan aiki su washe. Amma in ya zo da zazzaɓi, amai, fitsari mai duhu ko haki, ki koma asibiti nan take.

Gaskiya, haɗarin ya fi yawa a aikin kansa: daskarewar jini a jijiyar ƙafa, taruwar ruwa ƙarƙashin fata, ruɓewar ɗinki. Za ki yi kusan mako 6 ba daka, ba ɗaukar ruwa, kuma sabon ciki na iya warware gyaran. In kina sa ran ƙara haihuwa, ki dakata. In kin yanke shawara, ki nemi ƙwararren likitan fiɗa a babban asibiti, kada araha ta ja ki. Allah ya ƙara lafiya.