Jera Addu'arka Kamar Itacen Bagade

Karatu: Zabura 5

'Yan'uwa, Zabura ta 5 waƙar safiya ce. Dawuda ya yi ta sa'ad da maƙaryata da masu zub da jini suke kewaye da shi. Mutum a cikin hali irin wannan yakan farka da faɗuwar gaba. To, me ya fara yi?

Ku dubi aya ta 3. A harshen Ibraniyawa, kalmar da ya faɗa a kan addu'arsa ma'anarta jerawa ce. Da ita aka ba da labarin yadda Ibrahim ya jera itace a bisa bagade a ƙasar Moriya (Farawa 22:9). Ita ce kuma ta aikin firist, wanda kowace safiya yakan ƙara itace, ya jera hadaya a kai, kada wutar ta mutu (Littafin Firistoci 6:12).

Kowace mace ta san abin nan. Itacen da aka watsa a murhu ba tsari, hayaƙi kaɗai yake yi. Addu'ar yawancinmu da safe haka take: baki yana maimaita abin da ya haddace, zuciya kuwa ta riga ta kai gona. Ka dakata tukuna, ka dubi yinin da ke gabanka. Wa za ka sadu da shi? Maƙwabcin da awakinsa suka ci maka dawa? Mai binka bashi? A wane wuri fushi ya saba kama ka? Ka ambace su ɗaya ɗaya a gaban Ubangiji.

Dawuda bai tsaya nan ba. A ƙarshen ayar ya ce zai zuba ido, kalmar kuwa ta mai tsaro ce a kan ganuwa. Wanda ya roƙi haƙuri da asuba, bari ya lura da azahar, ya ga inda aka ba shi.

Wani zai ce bai iya jera magana ba. Saboda haka aka yi waƙa. A Ingila, a shekara ta 1674, Thomas Ken, wanda ya zama bishop daga baya, ya rubuta wa yaran makarantar Winchester littafin addu'a. A ciki ya umarce su su riƙa rera waƙar safe da ta yamma. Ku lura, a ɗakunansu ya ce, inda ba malamin da ke dubansu. Kai ma ka zaɓi waƙa guda daga littafin waƙoƙi, ka rera ta kowace safiya a watan nan kafin ka ɗauki fartanya.