Abubuwan da Ke Ƙara Nauyin Hukuncin Mai Tuƙi Cikin Maye

Mutane biyu na iya gurfana gaban alƙali ɗaya a rana ɗaya, dukansu an kama su suna tuƙi bayan sun sha barasa, a ci ɗaya tara ya koma gida, ɗayan kuma a wuce da shi gidan yari. Wanda bai san doka ba sai ya ce an yi son kai. To, ba haka abin yake ba. Dokokin jihar New York ta ƙasar Amurka sun ishe mu misali, domin a can an tsara hukunci hawa-hawa, gwargwadon haɗarin da direba ya jefa jama'a a ciki. A ganina wannan tsari shi ne adalci, kuma ga dalili.

Matakin farko shi ne yawan barasar da ke cikin jini. Duk direban da aka auna aka samu 0.08 cikin ɗari, doka ta ɗauke shi a matsayin mai maye. Idan karo na farko ne, tararsa dala 500 zuwa 1,000 ce, a karɓe lasisinsa na aƙalla wata shida, kuma alƙali na da ikon ɗaure shi har shekara guda. Amma da zarar awo ya kai 0.18, laifin ya sake suna, tara ta koma dala 1,000 zuwa 2,500, lasisi kuma sai bayan shekara aƙalla. Wani zai ce ai jiki ya bambanta, wanda ya saba da sha yana iya kaiwa wannan mataki bai yi tangaɗi ba. Gaskiya ne sabo yana ɓoye alamun maye, amma ba ya mayar wa ido kaifinsa, ba ya mayar wa ƙafa saurin taka birki. Hasali ma irin wannan mutum ya fi haɗari, tunda yana jin kansa garau. Kuma a sani cewa hanta ba ta gaggawa: kimanin 0.015 take ragewa a awa guda, don haka wanda ya kai 0.18 sai ya yi wajen awa bakwai kafin ya sauko ƙasa da iyakar doka. Shan gahawa ko watsa ruwan sanyi ba sa rage komai. Direbobin manyan motoci na haya kuwa iyakarsu 0.04 ce, saboda girman abin da ke hannunsu. Wanda ya ƙi yarda a auna shi ma bai tsira ba, za a karɓe lasisinsa na shekara, ya biya dala 500.

Abu na biyu, wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa, shi ne ɗaukar yaro a mota. A watan Oktoba na 2009 wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Leandra Rosado ta rasu a birnin New York, lokacin da motar da take ciki ta kife. Mahaifiyar ƙawarta ce ke tuƙi, kuma a buge take. Cikin watan Nuwamba na wannan shekara gwamna David Paterson ya sa hannu a dokar da ake kira da sunan yarinyar. Tun daga nan, duk wanda ya yi tuƙi cikin maye da yaro ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka a motarsa ya aikata babban laifi, ko da bai taɓa shiga hannun hukuma ba, kuma ɗaurinsa na iya kaiwa shekara huɗu. In yaron ya ji mummunan rauni, shekara 15. In ya mutu, 25. Masu suka suna cewa: mutumin da ya isa gida lafiya, bai buge kowa ba, don me za a haɗa shi da manyan masu laifi? Amsar ita ce isa gida lafiya ba wayonsa ba ne. Wanda ya harba bindiga cikin kasuwa bai sami kowa ba, ba ma cewa bai yi komai ba. Babban mutum yana iya jin warin giya ya ce a sauke shi, yaro kuwa ba shi da wannan zaɓi, inda aka sa shi nan zai zauna. Akwai dai wata sukar da ta fi wannan ƙarfi, wato ɗaure uwa ko uba cutarwa ce ga yaron da ake son karewa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa shekara huɗun ta zama iyaka ta sama, aka bar wa alƙali damar duba halin kowane gida.

Sai maimaita laifi. Wanda aka sake kamawa cikin shekara 10 ya shiga sahun masu babban laifi, a karo na uku kuwa ɗaurin na iya kaiwa shekara bakwai. Ba hukunta shi ake yi sau biyu a kan tsohon laifi ba. An gargaɗe shi ne bai ji ba, sai hujjar rashin sani ta faɗi. Dokar Leandra ta kuma wajabta wa duk wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye ya sa wata na'ura a motarsa, wadda sai ya hura numfashi a cikinta ta tabbatar babu barasa kafin injin ya tashi. Shi ne ke biyan kuɗinta, abin da babu shakka ya fi yi wa talaka nauyi.

Mai karatu na iya cewa shi bai taɓa kusantar giya ba, addininsa ya haramta, me ya shafe shi? Dokar ba ta tsaya kan barasa ba, ta haɗa da ƙwayoyi, har da maganin asibiti idan ya dagula hankalin direba. Ban da haka, a shekarar 2022 mutum fiye da 13,000 ne suka mutu a hanyoyin Amurka sanadin direbobi masu maye, kuma da yawa daga cikinsu ba su sha komai ba, hanya kawai ta haɗa su. Saboda haka 'yan'uwanmu da ke zaune a can, musamman masu tuƙin tasi, su karanta takardar duk maganin da likita ya ba su kafin su kama sitiyari, kada kuma su sa ɗansu a motar wanda suke shakkar halin da yake ciki, ko da kuwa aminin gida ne.