Yunwar Fumfuna: Yadda Sukari Ke Tayar da Cutar Shuka a Cikin Ƙasa

Matafiyin da ya bi hanyar Jega zuwa Aliero a lokacin ɗibar albasa ba ya bukatar a gaya masa abin da mutanen yankin suka dogara da shi. Buhuna ne jibge a bakin titi, manyan motoci suna lodi zuwa kudancin ƙasar nan da ƙasashe maƙwabta. Sai dai kafin albasa ta shiga buhu ta tsallake haɗurra da dama. Tun a fangalin renon iri akwai tsiron da kan kwanta ya mutu bai yi mako biyu ba. Bayan dashe wani ganyen kan soma bushewa daga sama, in an tuge sai a tarar gindin ya ruɓe. Wadda ta tsira kuma tana iya lalacewa a cikin rudu. Manoman Aliero da Jega da Maiyama sun laƙaba wa ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka suna ɗanzazzalau, kuma a shekarar 2018 masana cututtukan shuka na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka wallafa rahoton da ya danganta ta da wata fumfuna mai suna Fusarium equiseti.

Dangin Fusarium mazauna ƙasa ne. Suna nan a gona tun kafin manomi ya yi huɗa, suna nan bayan ya kwashe amfaninsa. To, me ke sanar da su cewa shuka ta iso? Ruwa dai ba ya tsami banza. Babban ɓangare na amsar shi ne sukari.

Halitta mai fama da yunwa

Fumfuna ita ce wannan furfurar da kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu ko burodin da aka manta da shi. Jikinta zaruruwa ne sirara ƙwarai, ba a ganin ɗayansu sai da madubin ƙara girman abu. Ba ta da koren sinadarin da ganye ke amfani da shi wajen haɗa abinci daga hasken rana, saboda haka dole ta ci abin da wani ya haɗa. Ba ta kuma da baki; tsotsar abin da ya narke take yi ta bangon zarenta. Abincin da ya fi mata sauƙin tsotsa shi ne sukari mara sarƙaƙiya, wato gulukos da furuktos, sai sukuros, wanda shi ne sukarin rake da ake sa wa shayi.

Ɗalibi zai zaci cewa baƙar ƙasar fadama rumbun abinci ce ga irin wannan halitta. Ba haka abin yake ba. Mafi yawan ruɓaɓɓen ciyayin da ke cikinta saura ne mai wuyar narkewa, an riga an tsotse daɗinsa. Ga kuma yawan masu nema: cokalin shayi ɗaya na ƙasa mai kyau yana ɗauke da bakteriya daga miliyan 100 zuwa biliyan 1. Duk ɗigon sukarin da ya faɗa cikin wannan cincirindo, cikin 'yan sa'o'i an wawashe shi.

Dabarar fumfuna ita ce barci. Fusarium kan dunƙule wani yanki na zarenta ya zama ƙwayar iri mai kaurin bango, wadda kan yi shekaru a ƙasa ba motsi. Sclerotium rolfsii, mai ruɓar da gindin tumatir da gyaɗa, tana yin wasu 'yan dunƙulalle masu ruwan ƙasa waɗanda ba su kai ƙwayar gero girma ba, su ma jira suke yi.

A shekarar 1953 wasu masana biyu a Bangor ta ƙasar Birtaniya, Dobbs da Hinson, suka nuna cewa wannan barci ba na wata gona ɗaya ba ne. Ƙwayayen irin fumfuna da ke tsira nan da nan a wani wurin sai su ƙi tsira in an aza su a kan ƙasa mai danshi, kusan ko ta ina aka ɗebo ta. Abubuwa biyu suka karya wannan takunkumi: dafa ƙasar har ƙananan halittun cikinta su mutu, ko kuwa zuba mata gulukos. Daga baya John Lockwood na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka ya shafe shekaru yana kafa hujjar cewa yunwa ce sanadi. A bayaninsa, bakteriya ba abincin da ke kewaye kaɗai suke cinyewa ba, har ɗan abin da ke yoyo daga jikin ita ƙwayar irin suna lashewa. Wasu masanan sun nuna cewa bakteriya na fitar da sinadarai masu hana tsiro. A yau an yarda dalilan biyu tare suke aiki, amma sukari isasshe yakan rinjayi duka biyun.

Saiwa ce ke tona asirin kanta

Ganye ke haɗa sukari, ya tura wani kaso zuwa saiwa. Saiwa kuwa ba tulu ba ce mai riƙe komai. Tana yoyon sukari da sinadaran gina jiki, musamman daga ƙarshenta mai girma. Masanin Jamus Lorenz Hiltner ne ya ja hankali a 1904 ga wannan siririn zobe na ƙasa da ke manne da saiwa, inda ƙananan halittu suka fi yawa nesa ba kusa ba. Shuka ba asara zalla take yi ba, domin da wannan yoyo take ciyar da bakteriya da fumfuna masu taimaka mata samun abinci. Illa dai teburin a buɗe yake, da aboki da maƙiyi kowa na iya zama.

Manomin dawa ya san makamancin wannan. Irin ƙuduji kan kwanta a gona shekara da shekaru, ba ya tsira sai ya ji wani sinadari daga saiwar dawa ko gero. Haka ƙwayar Fusarium take, sai dai ita abin da take jira abinci ne. Da zarar saiwar albasa ta gifta kusa da ita, sai ta fitar da zare ta nufi inda abincin ya fi kauri. Pythium, wadda ke kwantar da tsiro a fangali, ta fi kowa hanzari: cikin sa'a biyu zuwa uku da jin yoyon irin da aka shuka ta farka. (Masana sun cire Pythium daga sahun fumfuna na ainihi, amma a gona halinsu ɗaya.)

Daga nan ne darasin ya shafi aljihun manomi, domin yawan yoyon ba ɗaya ba ne kullum. Tsohon iri da irin da ya tsage sun fi lafiyayye zubar da sukari sa'ad da suke shan ruwa. Fangalin da aka cika wa ruwa har iska ta kasa shiga yana sa saiwa ƙara yoyo, ga shi kuma Pythium ta fi son ƙasa mai jagwaɓ. Saiwar da aka tsinka wurin cirar dashe, da wadda fartanya ko tsutsa ta ji wa rauni, ƙofa ce a buɗe da abinci a bakinta. Ita albasar kanta, in an ɗebe ruwan da ke jikinta, mafi yawan abin da ya rage sukari ne iri-iri. Shi ya sa wadda ta ƙuje wurin ɗiba, ko aka kai ta rudu wuyanta bai bushe ba, ke saurin kamuwa da baƙar fumfunar nan mai kama da garin gawayi, Aspergillus niger.

Ba kowace fumfuna sukari ke tayarwa ba. Wadda ke haddasa farin ruɓar albasa a ƙasashe masu sanyi, Sclerotium cepivorum, tana iya kwanciya har shekara 20, kuma ba ta motsawa sai ta ji sinadaran farar wuta da ke ba albasa da tafarnuwa warinsu.

Kashe maciji da abincinsa

Ƙwayar irin da ta tsira ta riga ta kashe guzurinta. In ta sami saiwa, ta ci riba. In ba ta samu ba, zarenta mai laushi ne, bakteriya kan cinye shi, ko da yake wasu nau'o'in Fusarium kan yi wayon sake dunƙulewa su koma barci. Ke nan abin dubawa shi ne wane ne ya riga cin sukarin, kuma yaushe.

Wannan ya bayyana wani abu da kan rikita manoma. Ɗanyen ciyayi ko takin da bai ruɓe ba, in an binne shi aka yi shuka nan take, yakan ƙara mutuwar tsiro, saboda an tayar da maƙiyi an ƙoshe shi daidai lokacin da shuka ta fi rauni. Shi wannan ciyayin, in an ba shi mako biyu zuwa uku cikin danshi kafin shuka, bakteriya da fumfuna marasa cutarwa ne za su mamaye shi, ƙasa ta koma halinta na yunwa. Cikin waɗannan akwai Trichoderma, wadda tun 1932 aka gano tana naɗe zaren wasu fumfunan ta kashe su.

Wajen shekarar 2000 masana a Japan da Holan, kowa a nasa ɓangaren, suka mai da wannan sani hanyar tsabtace ƙasa. Ana cuɗa ƙasa da abinci mai saurin narkewa, kamar dusar shinkafa ko ta alkama ko baƙin maɗin da ke saura a masana'antar sukari, a shayar da ita sosai, a lulluɓe da leda har mako uku ko fiye. Bakteriya su yi ta ci har iskar da ke ciki ta ƙare, sannan masu rayuwa ba iska su karɓa, su cika ƙasar da sinadarai masu tsami irin na ruwan khal, waɗanda ke hallaka Fusarium da wasunta. Zafin ƙasa yana ƙara wa hanyar ƙarfi. Zafi da dusar shinkafa kuwa ba baƙin abu ba ne a jihar Kebbi. Matsalar ita ce kuɗi: leda da tsada, dusa kuma dabbobi na jiranta. Yin haka a gona sukutum ba zai biya ƙaramin manomi ba. Wurin da ya cancanci gwaji shi ne fangalin renon iri, domin ɗan ƙarami ne, kuma daga cikinsa ake kwasar cuta a jikin dashe a raba wa gona duka. Aiki ne da ya dace da ɗaliban noma na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006. Abin da bai kamata ba shi ne wani ya ji wannan bayani ya tafi ya barbaɗa sukari a gindin albasarsa. Walima kawai zai shirya wa ɗanzazzalau.

Gwajin da za a iya yi a aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan da gwangwanayen madara huɗu. A cika su da ƙasar fadama ɗaya. Na farko a yayyafa masa ruwa zalla. Na biyu ruwan da aka narka cokalin shayi ɗaya na sukari a kofi. A rufe su da leda mai haske, a ajiye a inuwa, a riƙa dubawa har kwana biyar. Ana sa ran furfura ta fi bayyana a kan mai sukarin. A na uku a shuka wake goma lafiyayyu, a na huɗu wake goma da aka ɗan tsaga bayansu da reza, a jiƙa su sharkaf, a ƙirga waɗanda suka fito bayan mako guda. Kowane rukuni na ɗalibai ya yi nasa, a haɗa sakamakon a allo, domin gwangwani ɗaya ba ya zama hujja. Kada a bar yara su buɗe ledar su shaƙa, kuma in an gama a binne ƙasar nesa da lambun makaranta.