Moto Yana Son Wuta, Arduino Umarni Kawai Take Bayarwa

Wani matashi mai gyaran waya a Isa ya aiko da tambaya. Ya samu motar wasa wadda rimot ɗinta ya ɓata, ya cire fanel ɗin ciki, ya ba direba saƙo aka sayo masa Arduino Uno daga Kano, sannan ya manna wayoyin moto biyu kai tsaye a ƙafafunta. Moton ya ɗan yi ƙugi, taya ba ta motsa ba, daga nan ƙafar ta daina aiki gaba ɗaya. Yana son sanin ko jabu aka sayar masa.

Ƙanena, kayanka ba jabu ba ne, haɗin ne ya ƙona su. Kowace ƙafar Arduino Uno an yi ta ne ta ba da wutar da ba ta wuce miliamfiya 20 ba, in ta kai 40 ta zo iyakarta. Ƙaramin moton motar wasa kuwa yana shan ɗaruruwan miliamfiya yana tafiya, idan taya ta cije yana iya haura amfiya ɗaya. Raspberry Pi ma ta fi Arduino rauni, ƙafafunta bolt 3.3 ne, kuma kowace ba ta son fiye da miliamfiya 16. Ka tuna yaron da ke kora amalanke zuwa kasuwar Sabon Birni: igiya ce a hannunsa, shanu ne ke jan kaya. Kai kuwa ka ɗaura wa yaron amalanken a wuya.

Akwai ɓarna ta biyu da ba a gani da ido. Cikin moto naɗin waya ne, kuma duk lokacin da aka yanke masa wuta yakan mayar da wata wuta mai ƙarfi baya. Ita kaɗai ta isa ta kashe ƙafa.

Abin da kake bukata shi ne fanel ɗin da ke shiga tsakani, mai karɓar umarni daga Arduino ya saki wutar batir zuwa moto. A cikinsa makunnai huɗu ne aka jera da siffar harafin H, moto a tsakiya. Idan biyu suka kunna, wuta ta bi ta dama, mota ta yi gaba. Idan ɗaya biyun suka kunna, wuta ta juya, mota ta yi baya. Wanda ya fi samuwa a kasuwanninmu shi ne L298N, jan fanel mai baƙin ƙarfen sanyaya a tsaye. Yana ɗaukar moto biyu, kowane har amfiya 2. Aibinsa shi ne yana cinye kusan bolt 2 ya mayar da su zafi. Idan ka samu TB6612FNG ko DRV8833, su na fi so wa ƙaramar mota, domin ba sa ɓarnar batir haka. Amma wanda ke hannu ya fi wanda ake jira, L298N zai yi maka aiki.

Haɗin ba shi da wuya. Wayoyin moton baya su shiga OUT1 da OUT2. IN1 da IN2 su tafi kowace ƙafa biyu ta Arduino, su ne ke zaɓen gaba ko baya. Ka zare ɗan baƙin murfin da ke kan ENA, ka kai ENA zuwa ɗaya daga ƙafafun da ke da alamar igiyar ruwa a gefensu, wato 3, 5, 6, 9, 10 ko 11. Sai abin da mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi sa su zargin kaya: baƙar wayar batir, GND na L298N da GND na Arduino dole su haɗu wuri ɗaya. In ba su haɗu ba, fanel ɗin ba shi da ma'aunin da zai gane umarni da shi, sai ka ga moto yana yin abin da ya ga dama ko ya yi shiru.

Gudu kuma ba rage wuta ake yi ba. Arduino tana kunnawa tana kashewa da sauri, kusan sau 490 a daƙiƙa a yawancin waɗannan ƙafafu, moto ya ji matsakaicin abin. Umarnin analogWrite yana karɓar lamba daga 0 zuwa 255. A ƙananan lambobi za ka ji kuka kawai ba motsi. Ka riƙa ƙarawa har ka gane inda motarka ke tashi, ka fara daga nan. Kada ka juya daga gaba zuwa baya a take, ka sa ta tsaya ɗan lokaci tukuna, don haƙoran giyarta roba ne. Moton sitiyari na gaba ya shiga OUT3 da OUT4, shi kuma kada ka bar shi da 255 na tsawon lokaci, domin da ya karkata tayoyi ya kai maƙura, a cije yake yana ta shan wuta.

Batun batir ina so ka natsu a kansa. Batir mai kusurwa huɗu na bolt 9 ba ya iya moto, ka manta da shi. Batura biyu na 18650, irin waɗanda ke cikin tocila mai caji da tsohon batirin kwamfutar cinya, in aka jera su suna ba da bolt 7.4, a cike 8.4. Bayan L298N ya ci nasa, abin da ya rage daidai ne da moton da aka yi wa batura huɗu na yatsa. Ka gwada kowane da mita, wanda fatarsa ta yage ko ya yi tsatsa ka ajiye shi. Kada ka bar ɗaya ya sauka ƙasa da bolt 3, kuma ka caja su ɗai-ɗai da ɗan fanel ɗin TP4056. A bazarar Gobir, da zafi ke haura digiri 40, kada ka bar su a rana ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana. Batirin litiyam yana kama wuta, kuma shagonka cike yake da wayoyin mutane.

Idan ka ga Arduino tana sake tashi duk lokacin da moto ya fizga, wuta ce ke faɗuwa. Ka ba ta nata fawa banki daban, GND dai a haɗe. Ka kuma manna ɗan kafasito mai lamba 104 da dalma tsakanin kunnuwan moto biyu, yana rage hayaniyar tartsatsin ciki. Tsohuwar rediyo cike take da irinsa.

Ƙasarmu yashi ce, kuma an ƙera waɗannan motoci ne don daɓen siminti. Taya na nutsewa moto zai cije, wuta ta ninka, L298N ya yi zafin da ba ka iya taɓawa. Ƙurar hunturu kuma tana shiga giya ta ƙara masa nauyi. Ka yi gwaji a daɓe ko busasshiyar laka, ka riƙa buɗe giyar kana sharewa da tsohon buroshi.

In wata rana ka samu babbar mota ta masu tsere, wadda motonta ke da wayoyi uku, L298N ba nata ba ne. Tana zuwa da nata akwatin sarrafa gudu, ESC, wanda ake yi wa magana da umarnin Servo: bugu sau 50 a daƙiƙa, milidaƙiƙa 1.5 tsayuwa, wajen 2 gaba, wajen 1 baya. Sai ya ji alamar tsayuwa na ɗan lokaci kafin ya yarda ya fara aiki.

Maimakon rimot ɗin da ya ɓata, wayarka ta isa. Fanel ɗin HC-05 yana haɗa Arduino da wayar Android ta Bluetooth, tazarar kamar mita 10, ba ruwansa da sabis ko data. Mutanen Isa da Sabon Birni da suka ga yadda aka rufe layukan waya a watan Satumba na 2021 sun san darajar wannan. Ko kwamfuta babu, manhajar ArduinoDroid da kebul ɗin OTG suna loda umarni daga waya.

Cikin umarnin ka saka sharaɗi guda: idan rabin daƙiƙa ta wuce saƙo bai zo daga waya ba, ENA ta koma 0. In babu shi, da Bluetooth ta yanke motar za ta ci gaba da bin umarnin ƙarshe har ta faɗa kwata ko ƙarƙashin babur. Gwajin farko ka ɗora ta a kan bulo tayoyi a sama, ka kunna moto, ka kashe Bluetooth ɗin wayarka da gangan, ka tabbata tayoyin sun tsaya kafin ka sauke ta ƙasa.