Amsoshin Tambayoyinku: Atisayen Share Fage a Wasan Besbol

Wani mai sauraro daga Damagaram ya nemi bayani kan shirin da ƙungiyoyin besbol na Amurka ke yi kafin buɗe kakar wasa. Besbol wasa ne da ɗaya ke jefa ƙwallo, abokin karawarsa ya doke ta da sanda. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Maris, ƙungiyoyi 30 na babbar gasar kan kasu biyu, 15 a jihar Florida, 15 a Arizona, saboda sanyi bai tsananta a can ba. Masu jifa da masu cafe ƙwallo ne ke fara isa sansani, domin damtsen mai jifa yana buƙatar makonni kafin ya saba, ana ƙara masa yawan jifa sannu a hankali. Ƙungiyar Los Angeles Dodgers, wadda ta lashe kofin 2024, tana atisayenta a garin Glendale tun 2009, inda kociyoyi ke gwada matasa kafin su tace 'yan wasa 26 da za su tunkari wasanni 162. Sakamakon wasannin gwaji da ake bugawa a lokacin atisayen ba ya shiga lissafin gasa. Lafiyar 'yan wasa ita ce babban abin dubawa.